Mabuɗin Shagon Gwaggo Tabawa

Ku gyara zama ku saurara, don idan na gama ku ne alƙalai.

A Funtuwa akwai wata mai shagon surfani, Gwaggo Tabawa. Shekara ashirin injinta ne ke ɗinka bajon makarantar firamaren unguwarsu, hoton zakara a tsaye bisa littafi. Injin yana karɓar umarni daga kwamfuta ta wani tsohon kati da ake sokewa a cikinta. Saura kwana biyar a koma makaranta, kwamfutar ta mutu. Aka sayo sabuwa, katin ya shiga daram, amma da aka kunna sai injin ya ɗinko wani abu mai ƙafa uku, babu kai.

Hedimasta ya zo ya duba, ya ce, "Hajiya, wannan zakara ne ko kujera?" Ya ƙara da cewa idan Litinin ta yi babu bajo, zai kai aikin Zariya, kuma aikin ba zai sake dawo mata ba.

Gwaggo ta kira 'ya'yan ƙanenta mata uku da suka tashi a hannunta. Ta ce, "Dama idona ya gaji. Wadda ta tayar da injin nan, mabuɗin shago nata ne."

Babbarsu Barira malamar lissafi ce. Kowa ya ce katin ya lalace, a jefar, alhali an daina ƙera irinsa. Ita ta hana. Ta yini biyu tana bin abin da ke shiga katin da abin da ke fita, har ta gano matsalar. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar gari ce, kowane gida da lambarsa. Tsohon katin gida ɗaya ya sani a layin farko, sabuwar kwamfutar kuwa can sabuwar unguwa take ajiye zanen. Sai katin ya je gidan da ya saba, ya kwaso duk tarkacen da ya tarar. Ta ce, "Lafiyarsa lau, Gwaggo. Tsoho ne aka yi wa ƙaura ba a gaya masa ba." Amma gyaran ya fi ƙarfinta.

Ta biyu, Hansatu, rubuta manhaja ce sana'arta. Ta rubuta wadda za ta keɓe wa katin gidansa na da, ta riƙa ɗebo zanen kaɗan-kaɗan tana ajiye masa a can. Sai dai ba ta san lambar gidan ba. Littafin injin gara ta cinye, kamfanin kuma ya rufe tuntuni. Sau goma sha ɗaya tana cinka, sau goma sha ɗaya kwamfutar tana sandarewa.

Autarsu Kubura ba ta yi nisa a boko ba, a shagon ta girma, yanzu har da 'ya'yanta biyu. Da ta ji ana cigiyar lamba, sai ta ɗauko ƙyallen da ake rufe injin da shi, ta juya cikinsa. Ga lamba nan da jan zare, a karkace. Ranar da aka kafa injin, mai haɗawar ya faɗe ta, ya ce kada a manta. Ita kuwa tana 'yar shekara tara ta riga ta san takarda ba ta tsira a shagon, don da ita ake yanka samfurin wuyan riga, shi ya sa ta ɗinke lambar a ƙyallen.

Gwaggo ta ce, "Ashe nan jan zarena ya tafi."

"Har ranƙwashi na sha a kansa, Gwaggo."

Hansatu ta saka lambar. Allura ta kama aiki, zakara ya fito da kansa da zankonsa. Ranar Asabar aka kai bajo makaranta.

Da suka dawo, Barira ta ce ba don ita ba da katin yana bola. Hansatu ta ce, "Yaya, gane ciwo daban, magani daban." Kubura dai ta ninke ƙyallenta ta ɗora a cinya, tana dariya. Gwaggo ta juya mabuɗin a hannu, ta dubi wannan ta dubi waccan, ga shi shago ɗaya ne, alkawari kuma ta riga ta yi.

To, ku da kuka ji, wace ce a cikin ukun za ta buɗe shagon ranar Litinin?