Ɗigo Ɗaya Da Sunan Wata

An yi wani mutum a Gumel, gwani ne wajen haɗa manhajar waya. Ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya yi wasa da sunan wata, ni ba zan yi wasa da nasa ba.

Su uku ne ke aiki a wani ɗan ofis, ƙarƙashin wani tsohon likitan dabbobi, Malam Shehu. Mutumin nan shi ne babba, shi ke riƙe da makullai. Sai Halimatussa'adiya, matar aure daga Gagarawa, wadda mijinta ke kawowa a babur kullum da safe. Sai Abdulmuhaimin, magidanci ɗan Ɗanzomo, mai shiru-shiru.

Manhajarsu ta masu kiwo ce. Ka auna ƙirjin dabbarka da igiyar awo, ka sa lambar, ka zaɓi magani, ita kuma ta faɗa maka da murya yawan da za ka ba ta. Daga Maigatari har Sule Tankarkar mutane sun yarda da ita. Wanda bai iya karatu ba ma ya yarda da ita, don magana take yi masa da bakinsa.

Ya 'yan uwa, ku natsu a nan, don a nan labarin yake.

Masu wannan sana'a ba sa aiki da ka. Suna da wani kundi da suke kira Git. Duk wanda ya taɓa fayil, ko harafi ɗaya ya sauya, kundin zai rubuta wane ne, yaushe, me ya cire, me ya sa. Abin da aka cire ya fito da ja, abin da aka ƙara ya fito da kore. In za a saki sabuwar fitowa, sai a jera ta da tsohuwa a ga bambancinsu layi bayan layi. Uwar kundin tana intanet, suna ce mata rumbu, amma kowane ma'aikaci yana da cikakken kwafi a kwamfutarsa. Kuma kowane rubutu yana da hatimi da aka ƙulla da hatimin wanda ya gabace shi, kamar silsilar masu ruwaya: wane daga wane, daga wane. Ka taɓa ɗaya a tsakiya, hatiman duk waɗanda suka biyo baya sun sauya.

Malam Shehu bai iya haɗa manhaja ba, amma ya san magani. Doka ɗaya ya kafa: kada a saki komai sai mutum na biyu ya duba ja da kore.

Babbar Sallah ta gabato. Mutumin nan yana son fitowa ta bakwai ta fita ranar Laraba, don masu kiwo su sauke ta ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, inda sabis yake da ƙarfi. Yana ta sauri yana gyara fayil ɗin awon magunguna. A layin maganin tsutsar ciki, yatsansa ya share ɗigo ɗaya. Inda aka rubuta 0.5 ya koma 05. Rabi ya zama biyar. Ninki goma ke nan.

Halimatussa'adiya ta ce, "Yallaɓai, a bari in jera ta shida da ta bakwai kafin a saki. Minti ashirin ne."

Ya yi dariya, ya ce, "Malama, lokacin da na fara wannan aiki ke kina koyon hura wuta. Ni za ki duba wa?"

Ya saki.

Ran nan aka yi ruwan shuka. Abdulmuhaimin ya sauke kwafin aikin ranar a kwamfutarsa ta hannu kamar yadda ya saba, ya nemi izini, ya hau babur ya tafi Ɗanzomo gona. Can a ƙauyensu sai ka hau tudu kake samun sabis. Ya sa kwamfutar a adaka ya rufe, ya ɗauki fartanya.

Bayan kwana takwas wani mai kiwo, Ɗanjuma, ya shigo ofis ba sallama. Raguna goma sha ɗaya ya yi wata tara yana kiwo. Ya ba su abin da wayar ta ce. Suka kama rawar jiki, suna kumfa, bakwai suka mutu kafin ya samo wuƙa. Ya zube igiyoyi bakwai a kan tebur, ya ce, "Ga ragunanku nan. Ku yi layya da su."

Malam Shehu ya duba awon, ya kama kai. Ya sa aka mayar da ɗigon nan take aka saki ta takwas, ya ɗauki jakarsa ya bi ƙauyuka yana ceton dabbobin da suka rage. Kafin ya fita ya ce, "Ranar Asabar za mu buɗe kundi."

Mutumin nan bai jira Asabar ba. Ya buɗe shi kaɗai. Ga ja, ga kore, ga sunansa a sama, ga ɗan bayanin da ya rubuta da hannunsa: gyara kaɗan.

To, ya 'yan uwa, har zuwa nan me ya yi? Girman kai ya yi, ya yi kuskure. Wane ne a cikinmu bai taɓa share ɗigo ba? Da ya tashi ran Asabar ya ce, ni ne, ku yafe mini, da an yi masa faɗa, da ya ji kunya, da yau yana kan kujerarsa. Ƙofar a buɗe take. Shi ya rufe ta da hannunsa.

Washegari Juma'a. Halimatussa'adiya ba ta zuwa ranar Juma'a. Aka yi kiran farko, gari ya nufi masallaci, masu shaguna suka rufe. Shi kuwa ya kulle kansa a ofis. Ya koma baya cikin kundi, ya cire sunansa daga kan ɗigon, ya sa nata. Ya danne rumbun da sabon tarihi da ƙarfin tsiya. Ya buɗe kwamfutar ofis wadda ita take aiki da ita, ya share kwafinta, ya sa na jabu. Liman yana kan mumbari, shi yana ƙera shaidar zur.

Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai jinina ya tafasa. Mutum ya bar Juma'a don ya ɗaura wa baiwar Allah igiya a wuya!

Ran Asabar aka buɗe kundi a gaban kowa. Sunan Halimatussa'adiya ya fito.

Ta miƙe tsaye, ta ce, "Baba Malam, wallahi ban taɓa wannan fayil ba. Ni na ce a duba."

Mutumin nan ya girgiza kai kamar mai tausayi, ya ce, "Kundi ba ya ƙarya, Malama. Ki karɓa kawai. Ɗan Adam ajizi ne."

Ta buɗe kwamfutar ofis don ta kare kanta, ita ma ta ba da shaida a kanta. Malam Shehu ya sallame ta.

Kun san garuruwanmu. Kafin mijinta ya sauke ta a Gagarawa labari ya riga su. Aka sa mata suna Mai Kashe Raguna. Waɗanda tun farko suke cewa me mace ta sani a kwamfuta suka sami abin taunawa. Masu kiwo suka daina amsa sallamar mijinta a kasuwa. Ranar Sallah maƙwabta suka rarraba nama, aka tsallake gidanta. Ta daina zuwa biki da suna. A wasu lokutan har ta fara tambayar kanta, ko dai ita ce ta yi ta manta?

Shi kuwa ya yanka ragonsa, ya ci nama, ya sa farar shadda. Har Gagarawa ya je, wai ya je jaje. Ya ce wa mijin, "A yi haƙuri, ni kaina na roƙi Malam a kanta." Wace irin zuciya ce wannan? Kura ma in ta ci akuya ba ta dawowa gaisuwa.

Sati shida suka wuce. Abdulmuhaimin ya gama noman farko, ya buɗe adaka, ya dawo Gumel. Ya haɗa kwamfutarsa da rumbu don ya sauke abin da aka yi bayansa. Ta ƙi. Ta ce tarihin da ke hannunsa da na rumbu sun rabu.

Ya ce, "Yallaɓai, kundina da na ofis sun ƙi gaisawa."

Nan mutumin ya gane inda ya yi sake. Ya lissafa kowace kwamfuta a ofis, ya manta da wadda ke cikin adaka. Nan ma Allah ya sake buɗe masa ƙofa. Amma sai ya ce, "Naka ya tsufa. Share shi ka ɗauki sabo."

Abdulmuhaimin ya ce, "To." Bai share ba. Manomi ne, ba ya zubar da iri sai ya san dalili. Ya jera kundin biyu, ya bi su har inda suka rabu. A kan ɗigon suka rabu. Layi ɗaya, ja ɗaya, kore ɗaya, bayani ɗaya, suna biyu.

Ya kai wa Malam Shehu. Aka kira mutumin. Kuna zaton ya sunkuyar da kai? Ina! Ya buga tebur, ya ce Abdulmuhaimin ne ya ƙirƙira don yana hassadar kujerarsa. Ya ce, "Kundi biyu ne. Da me za ku gane na gaskiya?"

Abdulmuhaimin ya ce, "Malam, a aika a kira Ɗanjuma, ya zo da wayarsa."

Ku ji ikon Allah. Kowace fitowa ta manhajar tana ɗauke da hatimin kundin da aka fitar da ita daga gare shi, a rubuce a ƙasan shafin farko. Wa ya kawo wannan dabara? Shi mutumin, shekara biyu kafin nan, yana ta alfahari da ita. Ɗanjuma kuwa tun ranar da ragunansa suka mutu ya kashe wayar ya jefa a jaka, ya rantse ba zai ƙara jin muryarta ba. Fitowa ta bakwai tana nan a ciki yadda aka sake ta.

Aka sa mata caji, aka kunna. Malam Shehu ya sa tabarau ya karanta hatimin harafi-harafi. Ya dace da kundin adaka. Bai dace da na ofis ba.

Sannan Abdulmuhaimin ya nuna abu na ƙarshe. Kundin jabun ma ya rubuta lokacin da aka ƙera shi: Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata.

Malam Shehu ya cire tabarau, ya ce, "Ashe ran nan da ban gan ka a sahu ba, nan kake."

Ɗanjuma bai san Git ba, amma ya gane. Ya ce, "Kai, ni da na tsaya ƙofar gidan matar nan ina zaginta saboda kai? Raguna ka kashe mini, sannan ka sa na ɗauki alhaki!"

Aka karɓe makullai. Masu wannan sana'a a ƙasar nan ba su da yawa, duk sun san juna. Labarin ya je Dutse, ya je Kano. Wa zai ba mai sauya tarihi makullin rumbunsa? Ya nemi aiki wuri bakwai, ba wanda ya amsa. Kasuwar Maigatari ta gagare shi shiga. Sunan da aka sa wa baiwar Allah ya tashi daga kanta, shi kuma aka raɗa masa nasa: Ɗigo. Yau yana wata tashar mota nesa da nan, yana manna gilashi a fuskar waya, da hannun da ya haɗa manhajar da ƙananan hukumomi huɗu ke amfani da ita. Wanda ya san shi, in ya miƙa masa waya, sai ya tsaya a kansa har ya gama.

Kafin ya bar gari ya koma Gagarawa, wannan karon neman gafara. Malam Shehu ya riga shi zuwa, ya durƙusa da furfurarsa ya ba ta haƙuri, ta koma aiki. Shi kuwa ba ta fito masa ba. Mijinta ne ya shiga ya dawo da amsa.

Ya ce, "Ta ce ɗigon ta yafe, don ko ita tana iya share shi. Amma sunanta da ka sa, ta ce ku haɗu a can."

Ya 'yan uwa, ɗigo bai halaka wannan mutum ba. Gogewa ce ta halaka shi. Masu sana'ar su da kansu suna da hanyar gyara kuskure: ba a komawa baya a kankare, sabon layi ake ƙarawa a sama, a rubuta, na yi kuskure a wuri kaza, ga gyaransa. Kuskuren yana nan, gyaran yana nan, mutuncinka yana nan. Mene ne wannan in ba tuba ba?

Mu kuwa fa? Nawa ne a cikinmu suka ɓata aiki suka ce na ƙasa da su ne? Direba ya ce makaniki ne, makaniki ya ce mai kayan gyara ne, miji ya ce matarsa ce. Muna neman wanda bakinsa bai kai namu ƙarfi ba, mu ɗora masa, mu je mu yi alwala.

Kundin da 'yan Adam suka ƙera, mutumin nan yana riƙe da duk makullansa, amma kwamfuta ɗaya a adaka da waya ɗaya a jakar mai kiwo suka tona shi. To ina ga kundin da ke hannun mala'iku biyu, ɗaya a damanka, ɗaya a hagunka? Wa ya ba ka makullinsa? Wace Juma'a za ka kulle ƙofa ka sauya suna a cikinsa? Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, tuba tana shafe shi. Abin da ke tsakaninka da bawansa, sai shi bawan ya ce ya yafe. In kuwa ya ce ku haɗu a can, to wallahi za ku haɗu.

In akwai wanda ke ɗauke da laifinka a kansa yau, kada ka jira a buɗe adaka. Tashi ka je ka sauke masa.

Allah ya ba mu ƙarfin halin cewa ni ne. Allah ya sa kada mu tashi ranar hisabi da sunan wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye bayinsa daga hannunmu. Amin.