Mesar Ladingo da Ɓawon Ido

Ga ta nan, ga ta nanku, doguwa ce yau!

Ta zo mu ji ta, Kaka, in dai ba ta sara!

To ku matso. Ke Delu, yar da tsinken nan kafin ki tsone wa wani ido.

Wata tsohuwa ce wai ita Ladingo, ba ɗa ba jika, sai mesa guda da ta raina tun tana kamar zariyar wando. Sunanta Tsigai. Tsigai na kama mata ɓerayen rumbu, ita kuwa tana ba ta labarin unguwa. Don tsabar so, Ladingo ta ɗauke tukunyar da Tsigai ke kwana daga gindin randa, ta kai gefen murhu, wai kada sanyi ya kama 'yar lele. Wuri ya bushe ƙayau.

Ran nan Tsigai ta yi saɓa. Tsohuwar fata ta fita da ƙyar, guntu-guntu. Ladingo ko dubawa ba ta yi ba, ta tattara ta rataye a bakin rumbu don tsorata ɓeraye.

Tun daga ranar Tsigai ta rikice. Ta tarar da igiyar guga, ta wuni tana gaishe ta: "Yaya, ina gajiya? Yaya, fushi kike da ni?" Kashegari ta haɗiye muciya, ta yi ta yawo a miƙe sambal, sai da aka zaro. Rana ta uku mai gari ya shigo duba Ladingo, Tsigai ta ji ɗumi, ta cafke takalminsa har da ƙafar ciki.

Wayyo, ku ji ihu! Da aka ƙwato ƙafa, mai gari ya gyara rawani ya ce, "Ladingo, ranar kasuwa zan dawo da samari da sanduna. In na tarar ba ta gani, kwananta ya ƙare."

Ladingo ta ji tsoro ƙwarai, don ba ta da kowa sai ita. Ta leƙa idon Tsigai, ta gan shi dishi-dishi. Ta ce, "Ciwon ido ne, kwalli zan sa miki." Ta rambaɗa mata kwalli. Tsigai ta yi kyau kamar amarya, ta juya ta ce wa turmi, "Na gode, Inna."

Sai aka kira wanzami. Ya buɗe zabira, ya zaro hantsaki, ya ce, "Wata yana ce ta rufe mata ido. Yanzu zan fizge ta."

Sai aka ji murya daga gindin randa: "Malam, ka fizga, da ƙwayar idon za ka taho!"

Kwaɗo ne, wani ƙato mai tumbi. Tsigai ta yi huci don jin zancen ƙwayar ido, wanzami ya haura katanga, ya bar zabira.

Kwaɗo ya ce, "Inna, na san ciwon, amma sai ta rantse ba za ta ci ni ba in ta warke."

Tsigai ta juya wajen tsintsiya ta ce, "Na rantse maka."

Kwaɗo ya ce, "Ina nan ta bayanki. Sake."

Ta sake. Sannan ya ce a sauko da saɓar, a nemo wajen kai. Ladingo ta ɗaga ta a rana, sai ga huda biyu daidai gurbin ido.

Kwaɗo ya ce, "Kin gani? Maciji ba ya ƙiftawa, wani ɗan ɓawo ne garai-garai ke rufe masa ido. In ya yi saɓa, ɓawon kan fito tare da ita. Huda biyun nan na nufin tsofaffin suna can manne. Wa ke saɓa a gefen murhu? Ni ma ina saɓa, amma a laima nake yi, in haɗiye abina, babu mai ji."

Aka kawo kwatarniya, aka zuba ruwan ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, kada ku je ku dafa macijin mutane. Tsigai ta kwanta ciki, kai a waje. Aka jiƙa zane, ta yi ta kutsawa cikinsa, tana goga fuska da kanta. Ba wanda ya sa mata hannu a ido. Ɓawon dama ya fita. Na hagu ya ƙi. Aka sake jiƙawa, ya ƙi. Ladingo ko abinci ta kasa ci. Sai da safiyar kasuwa ya zame a jikin zane, ɗan mitsitsi kamar farcen jariri.

Ana haka sai ga mai gari da samari, sanduna a kafaɗa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani ɓera ya fito daga rumbu a guje, ya shige ƙafar wandonsa. Mai gari ya kama rawa ba kiɗa, rawani ya warware.

Tsigai ta ce, "Ranka ya daɗe, tsaya cak."

Ya tsaya cak. Ɓera ya leƙo da kai ta bakin wando. Caraf! Tsigai ta ɗauke shi, ko zare ba ta taɓa ba.

Mai gari ya share gumi ya ce, "Ku ajiye sanduna. Wannan ta fi ni gani."

Ladingo ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kukan murna. Tsigai ta taho ta ɗora kai a cinyarta, ta dube ta da kyau, ta ce, "Inna, ashe haka kika rame saboda ni? Tashi ki ɗora tukunya."

To kun ji. Abin da kake kiwo, so kaɗai ba ya isarsa, sai ka duba shi da kyau. Ido kuwa ba a yi masa garaje.

Ƙurunƙus kan ɓeran mai gari! Ba don kwaɗo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce na shimfiɗa muku, doguwa har da wutsiya.