Dalilin Da Ya Sa Muryar Ayu Ta Zama Siririya

Dalilin da ya sa ayu, duk girman jikinsa, ba shi da murya sai ɗan siririn kuka kamar na ɗan tsako, shi zan gaya muku yau. Ku matso inuwa ku zauna.

A can da, ayu na da murya mai kauri kamar tambari. In uwar ayu ta yi kira a ƙarƙashin ruwa a nan Yawuri, ɗanta zai ji ta ko da yana can bayan tsibirai yana cin ciyawa. Ruwa ya fi iska kai sauti nesa, kun sani, ku da kuke nutso kuna ƙwanƙwasa duwatsu. Saboda haka 'ya'yan ayu kan yi yawonsu nesa, iyayensu ba sa damuwa. Masunta ma suna jin su. Mutum ya tsoma filafilinsa cikin ruwa, ya kara kunne a ƙotar, sai ya ji su suna hira.

To, akwai wata uwar ayu da ke zaune a gurbin da ke gaban garinmu, ita da ɗanta guda. Mutane sun saba da ita, ba mai taɓa ta.

Wata shekara kifi ya yi wuya, yunwa ta fara shiga gidaje. Sai wani masunci mai suna Jatau ya gano cewa in ya bubbuga gefen jirginsa da itace, kifaye kan firgita su faɗa cikin raga. Ran nan ya dawo gida da jirgi cike. Ba a daɗe ba kowa ya koya. Kogi ya ɗauki ƙara, kwam, kwam, kwam, tun safe har yamma.

Uwar ayu ta je bakin gaɓa, ta tarar da Sarkin Ruwa, wani dattijo da ake kira Barmo, yana gyaran raga.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarar nan ta toshe mana kunne. Ku a sama kuna jin kaɗan, mu a ƙasa har cikin ƙashi take shiga. In na kira ɗana, ba ya ji."

Barmo ya ce, "Maƙwabciya, yara ne ke kwana da yunwa. Ba zan iya hana masunta ba gaba ɗaya."

Ta ce, "To, ku bar mana safiya. Lokacin ne yake fita kiwo."

Aka shirya a kan haka. Daga safe zuwa hantsi kogi zai yi tsit, bayan nan masunta su buga abinsu. Aka daɗe ana zaune lafiya.

Sai ruwa ya fara janyewa. Wata safiya garken kifi ya biyo ta gaban gari, har ruwa na baƙi saboda yawansu. Jatau ya duba, ya ce, "Wannan ba zai jira mu har hantsi ba." Ya ɗauki itacensa ya fara bugu. Na kusa da shi ya kama, na gaba ma ya kama.

Ashe ɗan ayu ya riga ya bi wata 'yar hanyar ruwa ya shiga fadama, inda ciyawa ta fi taushi. Yana cikin ci, ruwan hanyar ya ja baya, laka ta fito. Ya juyo, ba wurin wucewa. Ya kira uwarsa, ba ta ji ba. Ita ma ta kira, ta sake kira, tana kai da kawowa cikin gurbi, ba abin da take ji sai kwam, kwam, kwam. Haka ɗan ya yi ta kira har rana ta take.

Gwamma, matar Jatau, ta je fadamar yankan ciyawar awaki. Ta sami ɗan ayun kwance rabi cikin laka, bayansa ya bushe, yana buɗe baki amma da ƙyar sauti ke fita. Ta jiƙa mayafinta ta lulluɓa masa, ta ruga bakin kogi.

"Maigida! Ku dakata!"

Ita ma ba wanda ya ji ta. Sai ta kwance wani jirgi, ta tuƙa har wurin mijinta, ta riƙe itacen da ke hannunsa.

Jatau ya ce, "Ke, lafiya?"

Ta ce, "Ɗan maƙwabciya na can zai mutu a laka, uwarsa na nemansa a ƙarƙashinku."

Jatau ya saki itacen. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka tsaya, kogi ya yi shiru. Suka bar ragoginsu a ruwa, suka ɗauko fatanya, suka haƙe hanyar har ruwa ya shiga. Jatau da kansa ya tura ɗan ayun a hankali zuwa ga uwarsa.

Ya rayu, amma muryarsa ta dushe, ba ta dawo ba. Abin da ya rage masa shi ne ɗan siririn kukan nan. In uwar ta yi masa magana da babbar muryarta kuwa, sai ya zabura, yana zaton bugun ne ya dawo. Da ta ga haka, sai ta dinga rage muryarta tana sirantawa, har ta zama daidai da tasa. Da yake murya irin wannan ba ta zuwa nesa, sai ta daina barinsa ya yi nisa da ita.

Barmo ya zo ba ta haƙuri. Ta ce, "Ban riƙe ku a zuciya ba, na san yunwa. Ka gaida mini Gwamma. Amma dole mu koma inda za mu ji juna." Ta ja ɗanta suka nufi can cikin ciyayi.

Shi ya sa har yau ayu ke magana ƙasa-ƙasa, ɗansa kuma na manne da gefen uwarsa duk inda ta je. Shi ya sa kuma inda jirage masu inji suka yi yawa ba ku ganinsa. In kuna cikin jirgi, babba ya kashe inji kusa da ciyayi ya ce ku yi shiru, to, ku yi shirun. Wataƙila wata uwa ce a ƙasa take kiran ɗanta.