Kura da Asirin Gyaɗa Kai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kura ce kwaɗayin kilishin Ɗanjuma mahauci ya hana ta sukuni. Da farko Jaki ta sa ya yi mata gadi, ya sanar da ita in Ɗanjuma ya fita don ta shiga ta sata. Shi kuwa da ya ga Ɗanjuma ya fita sai ya ɓarke da kuka, duk unguwa ta fito. Ta ce ta gama da masu baki.

Sai ta sami Ƙadangare a kan katanga, ta raɗa masa, "Ƙanena, ga asiri, daga ni sai kai. In Ɗanjuma ya fita, kada ka ce uffan, ka gyaɗa kai kawai. Ka gane?"

Ya gyaɗa kai.

"Au, har ya fita?"

Ya gyaɗa kai.

Kura ta ce, "Yaron nan akwai basira." Ta haura katanga, ta dira gaban Ɗanjuma, ga kulki a hannunsa. Ya yi mata lilis.

Ta rarrafo waje ta ce wa Ƙadangare, "Ashe kana ganinsa? Wato so kake a kashe ni?"

Ya gyaɗa kai.

Har yau Kura ɗingishi take yi, Ƙadangare kuwa yana kan katanga yana ta aika mata saƙo, wai Ɗanjuma ya fita.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta ƙare.