Lanti da Akwatin Lunguna

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari an yi wata likita, sunanta Ladingo. Ɓeraye take kiwo, ba don ci ba, ba don sayarwa ba. Akwai zuriya guda a cikinsu da mantuwa ke bin jininsu: da gashin baki ya fara fari, sai ɓera ya manta hanyar kwanonsa. Haka kakanni, haka iyaye. Ita kuwa so take ta gano abin da ke cikin jinin nan, ko a dace da maganin ruɗewar tsufa.

Tana da wani akwati mai lungu-lungu, da gyaɗa a ƙarshensa. Wanda ya kai ga gyaɗa, a mai da shi cikin 'yan'uwa. Wanda ya ɓata, sai ta ɗauke shi ta shige ɗakin baya da shi. Ba wanda ya taɓa dawowa.

To, akwai wata 'yar ɓera, Lanti, uwarta Inna Tabawa ta fara ruɗewa. Tsoro ya kama Lanti. Sai ga Burgu, ɓarawon rumbu, ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa.

Ya ce, "Kin san abin da ke ɗakin baya? Kyanwa ce, ƙatuwa!"

Lanti ta ce, "Wayyo Innata! Yaya zan yi, Kawu?"

Ya ce, "Ba ni rabin abincinki, in kawo miki man ƙuli."

Ku ji mugu! Ko ƙofar ɗakin bai taɓa takawa ba.

Da likita ta tafi sallar azahar, sai Lanti ta tsoma wutsiya a mai, ta ja ta tun daga bakin akwati har gyaɗa. Aka saka Inna Tabawa. Sai ta bi ƙanshi, ta isa. Likita ta riƙe baki.

Mako ya zagayo, aka sake. Tsohuwa ta yi tuntuɓe, ta yi dawurwura, amma ta isa. Likita ta ce, "Ikon Allah! Uwarta ta manta, kakarta ta manta, ita ta ina ta tsira? Ko dai aikina ne duk ya tashi a banza?"

A karo na uku Lanti har ta rame. Ta ja mai kamar kullum. Inna Tabawa ta kai tsakiya, sai ta zauna. Lanti ta raɗa mata ta ragar wayar akwatin, "Inna, bi ƙanshin!"

Tsohuwa ta dube ta, ta ce, "Yarinya, ke 'yar wace ce?"

Lanti ta ji kamar an soke ta. Likita ta sunkuya, ta shinshina, ta ce, "Af! Man ƙuli? Ashe satar amsa ake yi mini." Ta ɗauki tsohuwa a tafin hannu. Lanti ta yi wuf ta faɗa aljihun rigarta. In kyanwa ce, ta cinye su tare.

Ƙofa ta buɗe. Lanti ta leƙo. Ba kyanwa, ba ko gashinta. Sai tsofaffin ɓeraye kwance a kan auduga, ga kunun gyaɗa, ga magani a cokali. Har da kakarta da aka gama yi wa makoki! A gefe kuma wani dattijo na zaune a tabarma yana ba su dusa.

Likita ta durƙusa ta ce, "Baba, na kawo maka baƙuwa."

Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Ke 'yar wace ce?"

Ta ce, "Taka ce, Baba. Ladingo."

Nan Lanti ta gane wa ake nema wa magani. Ta saki ajiyar zuciya, ta diro, ta raɓa jikin uwarta. Likita ta ce, "Au, ke ce mai man? Mako biyu kika hana ta jinya. Zauna, ki riƙa lasa mata kunne."

Inna Tabawa ba ta tuna sunanta ba. Amma ta matsa, ta ba ta wuri a kan audugar.

Shi ya sa, in tsohonku ya fara mantuwa, kada ku ɓoye shi don tsoro ko kunya. Ku kai shi a duba.

Ƙurunƙus! Kan ɓera dai yau a bar masa abinsa a wuya.