Ɗorawar da Aka Yi wa Hukunci Biyu

An yi wani sarki a can wata ƙasa, ana ce masa Sarki Jatau, mutum ne mai adalci, amma ya ƙi jinin ya ga an bar sa'a guda ta wuce ba a yi kome da ita ba. Yana da alƙali, Malam Sambo, dattijon da ya koya masa karatu tun yana ƙarami. Shi kuwa malamin nan da hantsi yake zaman shari'a, azahar na yi sai ya sallami jama'a ya shige gida ya yi ƙailula, ko da masu ƙara sun cika zaure.

Wata rana Sarki ya kira wazirinsa, Zubairu, ya ce, "Waziri, Allah ya sani ina ƙaunar Malam kamar mahaifina, amma rabin yini yake ba talakawa. In ba ka kawo mini hujjar da za ta kare shi ba, ranar Juma'a zan karɓi rawaninsa."

Abin ya sosa wa Waziri rai ƙwarai, don shi ma a gaban Malam ya yi karatu. Sai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ina roƙon arziki. Gobe ka zauna shari'ar da kanka, daga hantsi har magariba, mu ga abin da cikakken yini ke haifarwa."

Da hantsi aka kawo wasu manoma biyu suna jayayya kan wata ɗorawa da ke iyakar gonakinsu. Sarki ya saurare su a tsanake, ya bi diddigi, ya sa aka kira shaidu, har ta tabbata kakan ɗaya ne ya dasa ta, sai Sarki ya ba jikan ita. Haka aka yi ta yi, ƙara na bin ƙara, Sarki ko furarsa bai kurɓa ba, wai kada a ɓata lokaci.

Bayan la'asar, idon Sarki ya yi ja, muryarsa ta dushe, sai ga mata biyu, su ma kan ɗorawar iyaka. Tun ba su kai aya ba Sarki ya ce, "Ya isa. A sare ta, kowa ta kwashi rabi." Ɗaya matar ta fashe da kuka.

Waziri ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ni na turo su. Matan manoman nan biyu na hantsi ne, itacen kuma shi ne dai na ɗazu. Mai kukan nan mijinta ka ba. Lokaci bai ƙare maka ba, don ga rana can ba ta faɗi ba. Ƙarfinka ne ya ƙare. Malam ya san iyakar nasa, shi ya sa yake tashi kafin ya zalunci wani."

Kunya ta kama Sarki, ya janye hukuncin yamma, ya ba matar haƙuri. Ya sa wa Waziri alkyabba, kashegari kuma ya taka da ƙafarsa zuwa gidan Malam Sambo don neman afuwa. Ya tarar Malam na ƙailula, fadawa suka zabura za su tashe shi, Sarki ya hana. Ya zauna a zaure yana jira.

"Ku bar shi," in ji Sarki. "Barcin nan haƙƙin masu ƙarar gobe ne, don wanda ya gaji yakan yanke hukunci, amma da wuya ya yi adalci."