Inuwar da Ta Saɓa wa Hakimi

An yi wani hakimi da ya kafa doka cewa duniya shimfiɗe take kamar tabarma, ba ta motsi, rana ma ba ta sauya hanya. Wanda ya musa, bulala.

Da damina Jatau maƙeri ya kafa masa agogon inuwa: ƙarfe a tsaye, da alama a ƙasa inda inuwarsa ke tsayawa da azahar. Da sanyi ya shigo, inuwar azahar ta zarce alamarta.

Hakimi ya ce, "Jatau, mayar da inuwar nan wurinta, ko ka sha bulala!"

"Ranka ya daɗe, ƙarfen ya motsa?"

"A'a."

"Alamar fa?"

"Tana nan."

"To, saura duniya da rana. Wane mara kunya ne yake cewa ɗayarsu ta gusa?"

Hakimi ya dubi bulala, ya dubi inuwa.

"Wa ya ce ta zarce? Daidai take!"

Jatau ya ce, "Allah ya ƙara wa idonka lafiya."